Sawun Ƙanƙara: Me Ake Nema a Tafiyar Kilomita 1,900 da Ƙafa?

A majalisarmu da ke bakin teburin mai shayi a Agege, bayan an idar da sallar isha'i, na miƙa wa wani dattijo wayata domin ya ga hoton ɗan yayata. Yaron yana karatu a Madisan, babban birnin jihar Wiskonsin ta Amurka. A hoton yana tsaye bisa wani tudu siriri mai tsawo da ya lanƙwashe kamar maciji a cikin kurmi, jaka a bayansa, sanda a hannu, a jikin bishiyar da ke gefensa kuma an shafa ɗan fenti ruwan ɗorawa. Kwanansa 12 ke nan yana tafiya a ƙasa. Dattijon, wanda a ƙuruciyarsa ya sha koro shanu daga arewa zuwa kudu da ƙafa, ya daɗe yana kallon hoton kafin ya ce, "Malam, akwai kasuwa ne a ƙarshen hanyar, ko ziyara zai kai?" Na ce, "Babu ko ɗaya, Baba." Ya miƙo mini wayar ya ce, "To in ba fatauci ba zumunci, me ake nema a cikin dajin?"

Tambaya ce mai nauyi, kuma daga bakin wanda ya san tafiya ta fito. Mu ba baƙin doguwar tafiya ba ne. Fatakenmu sun taka daga Kano har Gwanja saro goro, watanni a hanya, da madugu da jagaba, ana sauka zango-zango. Alhazan da sun ratsa Chadi da Sudan a ƙasa, wasu sai bayan shekaru suka dawo, wasu can suka zauna. Zangon Agegen nan da muke ciki, goro da shanu ne suka raya shi. Amma kowace daga cikin waɗannan tafiye-tafiye tana da abin da ake nufa a ƙarshenta. Ita wadda yaron yake yi, abin da ake nema yana shimfiɗe a ƙarƙashin ƙafa tun daga takun farko. Karatun sawu ne, irin wanda maharbi ke yi in ya duƙa ya ce giwa ta bi ta nan. Sai dai a nan ƙanƙara ce ta bi, kuma ta wuce fiye da shekara 10,000.

Sunan hanyar Ice Age Trail, wato Hanyar Zamanin Ƙanƙara. Tsawonta kimanin mil 1,200, kusan kilomita 1,900. Ka ƙiyasta ka tashi daga Legas ka je Kano ka juyo, sai ka kusa gida kafin ta ƙare. Ta faro daga bakin kogin St. Croix a iyakar Wiskonsin da Minesota, ta miƙa gabas, ta gangara kudu, ta sake juyawa arewa har ta tsaya kusa da garin Sturgeon Bay. Wani lauya a birnin Milwaukee mai suna Ray Zillmer ne ya yi ta fafutukar a kafa ta. Ya buɗe gidauniya saboda haka a 1958, ya rasu a 1960 bai ga cikar burinsa ba, sai a 1980 majalisar dokokin Amurka ta sa ta cikin manyan hanyoyin ƙafa na ƙasa. Har yau ba a gama ta ba. Sama da rabi ne aka share aka yi wa alamar fenti, ragowar mai tafiya yana bin gefen titi ya haɗa wannan yanki da wancan, kuma 'yan sa-kai ne ke ɗauke da yawancin aikin. In ka dube ta a taswira za ka ga ta karkace kamar wanda ya ɓata hanya ne ya zana ta. Dalili kuwa, tana bin layin da ƙanƙarar ta tsaya ne.

A nan Bahaushe zai fara cin karo da matsalar kalma. Ƙanƙara a wurinmu ita ce wadda ke zubowa da ruwan sama ta ɓata shuka, ko wadda ake sayarwa dunƙule-dunƙule don sanyaya lemo da kifi. Wadda ake magana a nan daban take. A ƙasashen sanyi dusar ƙanƙara tana sauka a hunturu, ta narke in zafi ya zo. Amma in wuri ya yi sanyin da ta bana ba ta gama narkewa ba ta baɗi ta hau kanta, shekara bisa shekara, ta sama tana danne ta ƙasa, iskar da ke tsakani tana matsewa, sai dusa ta koma ƙanƙara mai tauri, launinta shuɗi-shuɗi. Idan kaurinta ya kai wajen mita 50, nauyinta ya fi ƙarfinta, sai ta fara malala. Ka ga yadda tuwon da aka kwashe da ruwa-ruwa ke bajewa a faranti? Haka take yi, amma sannu a hankali, wata 'yan santimita a yini, wata mita ɗaya ko fiye. Shi ya sa nake kiranta kogin ƙanƙara.

Kimanin shekara 21,000 da suka wuce abin ya kai maƙura. Wajen kashi 25 cikin 100 na busasshiyar ƙasa yana ƙarƙashin ƙanƙara, alhali yau kashi 10 ne. Kusan dukan Kanada da arewacin Amurka sun rufe, kaurin a wasu wurare ya kai kilomita 3. Haka Suwidin da Norwe da Finlan da Sikotland. Wannan ruwa da ya daskare a kan tudu daga teku ya fito, saboda haka teku ta ja baya, ta yi ƙasa da kimanin mita 120. Mutum na iya takawa daga Faransa zuwa Ingila, ko daga Saiberiya zuwa Alaska, ƙafarsa a kan ƙasa. A riƙe wannan lamba ta mita 120, domin ita ce za ta dawo da mu Legas.

Ƙanƙara ita kaɗai ba ta iya yanka dutse, domin ya fi ta tauri. Duwatsun da ta tsinto suka manne a cikinta su ne haƙoranta. Duk wanda ya taɓa ganin mace a kan dutsen niƙa ya san aikin: ɗa a sama, uwa a ƙasa, sai nauyi da maimaici. Yashi yana goge dutsen da ke ƙasa ya yi santsi, tsakuwa tana karce shi, kuma layukan karcen duk sun miƙe gefe ɗaya, suna nuna inda ta nufa. Kogin ruwa yana cin ƙasa ne ta tsakiya, kwarinsa ya tsuke daga gindi. Kogin ƙanƙara kuwa yana cika kwarin baki da baki, ya kankare gefe da gindi, ya bar shi kamar cikin kwalekwale. Kwarin Yosemite a Kalifoniya haka yake. A Norwe teku ta shiga irin waɗannan kwaruruka bayan ƙanƙara ta tafi. Mafi girmansu, Sognefjord, ya haura kilomita 200 a tsawo, zurfinsa ya wuce mita 1,300. Manyan tafkuna biyar na arewacin Amurka ma ita ta zurfafa gurbinsu, kuma yau suna riƙe da kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan daɗi da ke saman ƙasa.

Abin da ta kwaso dole ta sauke shi. A can bakinta, inda zafi ya isa, tana narkewa daidai gwargwadon yadda sabuwa ke malalowa daga baya, sai bakin ya tsaya wuri ɗaya shekaru ɗaruruwa, kaya kuwa ba su daina isowa ba. Kamar tifofi ne suna juye yashi a fili guda ba dare ba rana. Tudun da ya taru ana ce masa moren, ni kuwa nakan ce kunyar ƙanƙara, don ya yi kama da kunyar gona da ta yi girman tsauni. In aka yanka cikinsa za a ga ƙaton dutse da tsakuwa da laka a cakuɗe. Ruwa yana tankaɗe kayansa, ya ajiye manya daban ƙanana daban, amma ƙanƙara ba ta tankaɗe. Da wannan kaɗai masani ke bambance aikin wannan da na wancan. A tafkin Devil's Lake, wanda hanyar ta bi ta kansa, irin wannan kunya ce ta toshe wani tsohon kwazazzabo ta kai da ta gindi, ruwa ya taru a tsakiya, duwatsu masu tsayin wajen mita 150 suna tsaye a gefensa.

Akwai ramukan da suke kira ketul, da na kasa bayyana wa Baba su da baki. Washegari na sayi guntun ƙanƙara wurin mai sayarwa a layinmu, wanda ke lulluɓe kayansa da buhu da garin katako. Na samu tsibin yashin magina a ƙofar gida, na binne guntun, na shafe saman ya yi sumul. Da azahar babu abin da ya canja sai ɗan danshi. Kafin la'asar saman ya fara tsagewa, gab da magariba ya rufta, ya bar rami zagayayye kamar an danna ƙwarya, gindinsa jiƙe. Baba ya sa yatsa ya bi gefen ramin ya ce, "Ashe abin da ya haƙa shi ba ya nan." Wallahi ban taɓa jin wanda ya faɗe shi daidai haka ba. Da ƙanƙarar can ta fara ja baya, gutsattsarinta sun karye, wani girman unguwa guda, yashi da tsakuwa suka binne su, suka daɗe suna narkewa a ɓoye. Yau kowane ɗaya rami ne ko tafki. A gabashin Wiskonsin, inda harsuna biyu na ƙanƙarar suka goga kafaɗa, ɗaya daga wajen Green Bay ɗaya daga tafkin Mishigan, ramukan sun yi yawan da aka sa wa yankin suna Kettle Moraine. Mai tafiya a wurin ba ya samun miƙaƙƙen fili, daga hawa sai gangara yini guda.

Shi kuwa tudun da yaron yake tsaye a kai, eska ake ce masa. Kogin ruwa ne da ya taɓa gudana a cikin rami a ƙarƙashin ƙanƙara, ya cika ramin da yashi da tsakuwa. Da bango da rufin suka narke, sai gadon kogin ya rage a tsaye, ya fi ƙasar da ke kewaye da shi tudu. Sai kuma duramlin, tuddai masu siffar cokali a kife. Dubbai ne a kudancin jihar, duk sun fuskanci wuri ɗaya kamar garken shanu a kwance, kuma ɓangaren da ya fi tudu shi ke kallon inda ƙanƙarar ta fito. Har yau masana suna jayayya a kan takamaiman yadda suka samu.

Labarin da ya fi taɓa ni a wannan ilimi shi ne na baƙin duwatsu. A Turai da Amurka akan tarar da ƙaton dutse zaune a gona, jinsinsa bai yi kama da na yankin ba ko kaɗan. Akwai ɗaya a Okotoks ta Kanada mai nauyin wajen tan 16,500, daga tsaunukan da ke nesa da ɗaruruwan kilomita aka kawo shi. Malaman Turai na da suna jingina irin wannan ga ruwan ɗufana. A lura, gardamar a kan waɗannan duwatsu ce kawai, ko ruwa ne ya kawo su ko wani abu, domin ruwa yana mulmula dutse, waɗannan kuwa da kaifinsu suka iso. Wanda ya fara ganin amsar ba malamin jami'a ba ne. Wani maharbi ne a kwarin Bagnes na ƙasar Suwizalan, sunansa Jean-Pierre Perraudin. A yawon farautarsa ya lura cewa karcen da yake gani a kan dutse a bakin ƙanƙara mai rai, shi ne dai yake gani can ƙasa cikin kwari inda babu ita. Ya ce lallai ta taɓa kaiwa can. A 1815 ya faɗa wa masani Jean de Charpentier, shi kuwa ya ɗauki maganar shirme. Sai da injiniya Ignace Venetz ya tattaro hujjoji, Charpentier ya sauko ya yarda, sannan Louis Agassiz ya tsaya gaban taron masana a Neuchâtel a 1837 ya ce duniya ta taɓa shiga zamanin ƙanƙara. Shi ma an daɗe ba a gaskata shi ba. Sunan Agassiz ne ya yi tashe, amma ƙafar maharbi ce ta fara karanta wurin.

Wannan shi ne amsata ta farko ga Baba. Daga cikin mota, kunyar ƙanƙara ɗan hawa ne da direba ba ya ma canja masa giya. Daga jirgi kuwa duk kore ne. Sai mai tafiya a ƙasa ne cinyarsa ke gaya masa ya shiga yankin ramuka, tafin ƙafarsa ya ji tsakuwa ta koma yashi, yashi ya koma laka. A kudu maso yammacin Wiskonsin akwai yankin da ƙanƙara ba ta taɓa rufewa ba, kuma hanyar ta bi ta kusa da iyakarsa. Ɗan yayata ya ce mini, "Kawu, a yini ɗaya za ka ga bambancin. Can kwaruruka masu zurfi da ruwa ya yanka, babu tafki, nan kuwa tafki ko'ina." Alƙur'ani ma, a Suratul Ankabut, ya yi umarni da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda aka fari halitta. Ban ga dalilin da zai sa mu bar wa wasu wannan dubawa ba.

Kada kuma a ɗauka yawon shan iska ne. Wanda zai yi ta a ɗauki ɗaya yakan kwashe wata biyu zuwa uku, kilomita 25 ko 30 a yini, ɗauke da tanti da abinci da ruwa. Da yawa sukan yi ta ne yanki-yanki cikin shekaru, kamar yadda yaron yake yi a lokacin hutu. Ramukan nan masu kyau a hoto su ne gidan sauro, ciyawar kuma cike take da kaska mai ɗauke da cutar Lyme, don haka kowane dare sai mutum ya duba jikinsa kamar yadda makiyayi ke duba saniya. Ruwan rafi komai haskensa sai an tace ko an tafasa. Abin da ya fi yaudarar mutumin ƙasarmu shi ne tufafi. Mun saba da auduga saboda zafi, amma a can in rigar auduga ta jiƙe da gumi ko ruwan sama iska ta buga, zafin jiki take zuƙewa, mutum ya fara rawar ɗari, tunaninsa ya rikice, ko da ma'aunin sanyi bai kai na daskarewa ba. Guzurinmu na gargajiya, ƙuli-ƙuli da dabino da gari, ya dace da irin wannan tafiya ƙwarai, sai dai kilishi ba ya tsallake kwastan na Amurka, domin nama ne.

Wiskonsin ba ita kaɗai ba ce. A arewacin Suwidin akwai Kungsleden, wato Hanyar Sarki, kimanin kilomita 440 daga Abisko zuwa Hemavan, ta cikin faffaɗan kwaruruka inda mutanen Sami ke kiwon barewar sanyi, suna hawa da sauka da ita bisa yanayi kamar yadda Fulaninmu ke yi da shanu. A Abisko rana ba ta faɗuwa a watan Yuni. Musulmin da zai je ya tambayi malaminsa tun kafin ya tashi, domin akwai masu cewa a ƙiyasta lokutan salla da gari mafi kusa da ake samun dare, akwai masu cewa da Makka. Ƙasar yankin ma har yanzu tana tasowa. Nauyin ƙanƙara ya danne ta kamar yadda mutum ke lotsa katifa, kuma tun da nauyin ya tashi take miƙewa, kusan milimita 9 a shekara a gaɓar tekun Bothnia. Akwai kuma West Highland Way a Sikotland mai kilomita 154, da zagayen tsaunin Mont Blanc mai wajen kilomita 170 ta Faransa da Italiya da Suwizalan, inda ake ganin kogunan ƙanƙara masu rai da ido.

To me ya kawo ta, me ya kore ta? Wani masanin lissafi ɗan Sabiya, Milutin Milankobic, ya kwashe shekaru yana lissafin abin da hannu. Hanyar da duniya ke bi ta zagaya rana tana ɗan miƙewa tana ɗan zagayewa a kowace shekara 100,000. Karkatar duniya tana ƙaruwa tana raguwa tsakanin digiri 22 da 24 da rabi a kowace shekara 41,000. Sannan tana tangaɗi kamar katantanwar da yara suka murza ta kusa faɗuwa, a kimanin shekara 23,000. In waɗannan suka haɗu suka sa lokacin zafi a can arewa ya zo da rauni, dusa ba ta gama narkewa, farinta yana mai da hasken rana sama, sanyi ya haifi sanyi. A 1976 aka tabbatar da lissafinsa daga lakar da aka haƙo a gindin teku. Iskar kabon ma tana da hannu. A tsakiyar zamanin ƙanƙara kashi 180 ce cikin miliyan, tsakanin zamani da zamani takan kai 280, yau kuwa ta haura 420. Zamanin na ƙarshe ya rufe kimanin shekara 11,700 da suka wuce.

Amsata ta biyu ita ce ta sa Baba ya gyara zama, domin shi mutumin ƙasar Haɗeja ne. Ƙanƙarar ba ta zo ƙasar Hausa ba, amma hannunta ya iso. Lokacin da ta rufe arewacin duniya, damina ta yi rauni a nan, Sahara ta matso kudu da ɗaruruwan kilomita, tafkin Chadi ya ƙafe, iska ta tara yashi tudu-tudu. A 1958 wani masanin ƙasa ɗan Ingila, A. T. Grove, ya yi rubutu a kan tsohuwar hamadar ƙasar Hausa. Waɗannan dogayen tuddan yashi da ake noman gero da gyaɗa a kansu, sun jeru daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, hanyar da iskar hunturu ke bi. Su ne muke kira jigawa, sunan da jiha guda take ɗauke da shi. Tsakaninsu ne ruwan Haɗeja ke bi ya bazu ya zama fadamun Haɗeja da Nguru. Da ƙanƙara ta janye sai damina ta dawo da ƙarfi. Wajen shekara 7,000 baya, Chadi ya zama kamar teku, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 350,000. Dogon tudun yashin da ya ratsa ta Maiduguri da Bama tsohuwar gaɓarsa ce. Kwalekwalen Dufuna, wanda wani Bafulatani ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987 a ƙasar da yanzu take jihar Yobe, shekarunsa wajen 8,000, kuma ɗan wancan zamanin na yalwar ruwa ne.

Sai dai a yi hattara kada ɗoki ya sa mu ga ƙanƙara a ko'ina. Duwatsun Jos da ke ɗore kan juna, da Kufena a Zariya, da Kwatarkwashi, da Zuma, da Olumo a Abekuta, babu wanda ya kawo su daga wani wuri. A nan suke tun asali. Ruwa da zafi ne suka cinye abin da ke kewaye da su suka bar su tsirara. Wanda ke son ganin karcen ƙanƙara na gaske a yankinmu sai ya nufi tsakiyar Sahara, wajen Jado a arewa maso gabashin Nijar da kudancin Aljeriya. Na can ya girmi na Wiskonsin nesa ba kusa ba, shekararsa wajen miliyan 445, lokacin da wannan yanki na Afirka yake kusa da ƙuryar kudu ta duniya. Mai rai kuwa tana nan a kan Kilimanjaro da tsaunin Kenya da Ruwenzori. Da Johannes Rebmann ya ba da labari a 1848 cewa ya ga farar dusa a kan Kilimanjaro, wasu masana a Landan ƙaryata shi suka yi. Yau fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙanƙarar da aka auna a kan tsaunin a 1912 ta tafi.

Mu dawo kan mita 120. Lokacin da teku take ƙasa da haka, babu legun, wato babban ruwan nan da ya ratsa Legas, babu abin da za a gina gadar Third Mainland mai kilomita 11.8 a kansa. Bakin teku yana can ciki da nisa, inda jiragen ruwa ke jira yau kafin su shiga Apapa tudu ne. Da ƙanƙarar Kanada da ta Suwidin suka narke, ruwan ya dawo ya cika ƙananan kwaruruka, igiyar ruwa ta jera yashi a bakin gaɓa, wajen shekara 6,000 baya teku ta tsaya kusa da inda take yanzu. Ikoyi da Lekki da Obalende duk a kan abin da wannan dawowa ta bari suke zaune. Kuma ragowar ƙanƙarar tana nan. Ta Girinlan kaɗai in ta narke duka, teku za ta ɗaga mita 7, ta Antatika kuwa wajen mita 58. Wannan aikin ƙarnoni ne masu yawa, ba na gobe ba. Amma daga 1901 zuwa 2018 teku ta riga ta hau kimanin santimita 20, kuma hawan yana ƙara sauri. A shekarun 2022 da 2023 kaɗai, kogunan ƙanƙarar Suwizalan sun rasa kashi 10 cikin 100 na jikinsu.

Ba na son a ɗora wa ƙanƙara laifin kowace ambaliya a garin nan. Wanda ya taɓa tsallaka kwata a Mile 12 ko Idi-Araba cikin watan Yuli ya san aikin leda da toshewar magudana da gine-gine a kan fadama. Cinyewar Bar Beach ma babban dalilinta katangun dutsen da aka gina a mashigar tashar jiragen ruwa tsakanin 1908 da 1912, waɗanda suka tare yashin da igiyar ruwa ke kawowa daga yamma. Amma duk waɗannan a kan teku mai hawa suke faruwa, kuma garin da da yawa daga unguwanninsa ba su fi 'yan mitoci sama da ruwa ba, santimita 20 ba ƙaramin abu ba ne gare shi. Abin yana damuna, domin 'yan'uwanmu masu ƙaramin ƙarfi su ne ke haya a wuraren da ruwa ke fara shiga.

Kwana biyu bayan haka yaron ya turo saƙon murya, ya ce ƙafarsa ta yi bororo a dunduniya amma zai ƙarasa yankin kafin a koma makaranta. Na kunna a majalisa. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce idan ya je gida da babbar salla zai hau jigawar da ke bayan gonar mahaifinsa ya ga ko da gaske ta miƙe hanyar iskar hunturu. Sannan ya ce in danna masa wayar zai yi magana. Ya matso da bakinsa kusa ya ce, "Yaro, kakanka ne. Ka riƙa sammako, ka sauka kafin rana ta take. Kowane zango ka cire takalmi ka shanya ƙafa, ka shafa mata man kaɗanya in kana da shi. Kuma kada ka fasa bororon da ƙaya."